Yadda Za Ka Gyara Bindigar Surukinka Ta Daina Kuskure

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na ba ka tabbacin bindigar iskar da ke hannunka za ta ƙara ƙarfi, kuma duk abin da aka saita ta a kansa sai ta same shi. Ban ce za ka ji daɗin hakan ba. Na dai ce za ta same shi.

1. Ka samo bindigar da ba taka ba

Mai hankali ba ya koyon gyara a kan kayansa. Ka jira sai tunku ya addabi akurkin matarka, ya kwashe tsaki saura ƙalilan da uwarsu, wake-waken kazar nan da take ji da ita kamar 'yar fari. Sannan ka tafi aro wurin surukinka. Zai sauko da bindigar daga saman kabad, naɗe cikin tsohon bargo, ya ce, "Ga ta, Injiniya. Ta san hannuna, na san halinta. Kada ka taɓa mata ko noti ɗaya."

Ka russuna ka ce, "To, Baba." Wannan Injiniya da suke kiranka, kada ka ɗauka gatse ne don ka taɓa gyara musu fanka ta koma juyi da baya tana zuƙe iskar ɗaki. Girmamawa ce tsantsa.

2. Ka gano cutar

Ka ɗora gwangwanin madara a kan bulo a bayan gida, ka yi ta harbi. Za ka ga duk ƙwayar dalmar da ka saki ta hagun gwangwani take wucewa da kamar taƙi guda, ko ka rufe ido ɗaya, ko ka ciji harshe. To ka gano cuta. Kada ka kuskura ka kira tsoho a waya ka tambaye shi ko ya san da haka. Masu cewa matambayi ba ya ɓata ba su taɓa zama injiniyoyi ba.

3. Ka farke cikinta

A tsakiyar falo za ka yi, a kan teburin da ake ajiye wa baƙi ruwa. Duk ƙarfin bindigar nan yana jikin wani sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, da aka danne a cikinta shekara da shekaru, kuma yana cike da fushi. Masana sun ce a riƙe shi da abin matse ƙarfe kafin a cire noti na ƙarshe. Kai kana da tumbi, ka tokare da shi.

Sifirin zai goge ka a haƙarƙari, ya wuce ya gaida hoton aurenku da ke bango. In matarka ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, me ya fashe?" ka ce, "Aiki ake yi, ki janye yara." In ta ce, "Ba bindigar Baba ba ce wannan na gani gunduwa-gunduwa?" ka dube ta da tausayi. Ba kowa Allah ya ba fahimtar ƙarfe ba.

4. Ka ƙara mata jini

Ka kai tsohon sifirin wurin mai gyaran babur na bakin titi, ka ce ya nemo maka yayansa. Zai tona buhun tarkace ya miƙo maka wani mai kauri, ya ce, "Wannan ko giwa ce sai ta zauna." Ka yarda da shi, ai bai taɓa ganin giwa ta ƙaryata shi ba.

Wajen mayarwa kada ka yi rowar mai. An ce ɗigo kaɗan ya isa, to wannan maganar matsolo ce. Ka tuttula baƙin mai har sai ya biyo gwiwar hannunka. Harbin farko zai yi ƙara, hayaƙi ya tashi, maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce, "Lafiya dai? Na zaci taya ce ta fashe." Ka ce masa ƙarfi ne. Kafaɗarka da ta sage ma shaida ce.

5. Abin da ya yi saura

Bayan ka ɗaure komai za ka ga noti da wata 'yar roba a kan tebur. Kada hankalinka ya tashi. Masu ƙera kaya suna saka irin waɗannan ne don cika ido. Ka jefa su bayan kujera.

6. Saiti

Akwai wani ɗan noti a saman bindigar inda ake leƙawa. Tsatsa ta riƙe shi, don tun da tsoho ya saye ta ba wanda ya murɗa shi. Ka sa filaya. Ka murɗa, ka harba, ka murɗa, ka harba, har gwangwani ya yi tsalle ya faɗi. Ka sake ɗorawa, ya sake faɗuwa.

A nan ko ni sai na taya ka murna, don ba ƙarya, ka gyara ta. Ka tsaya ka ji daɗinka, ka riya a ranka ranar da tsoho zai dafa kafaɗarka a gaban 'ya'yansa ya kira ka Injiniya ba tare da kowa ya sunkuyar da kai yana dariya ba. Amma kada ka faɗa wa kowa tukuna, ka bari aiki ya yi magana.

7. Ka bar matarka ta yi waya

Matsalar tunku ita ce ba ya zama a kan bulo ya jira ka kamar gwangwani. Kafin ka buɗe bindiga ka ɗura dalma, ya ɗauki tsako ya bi ta magudanar ruwa. Matarka za ta gaji ta kira mahaifinta. Da la'asar sai ga shi, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, ya ce, "Miƙo ta nan."

8. Ka kama bakinka

Wannan shi ne matakin da ake gane gwani. Za ku laɓe a bakin ƙofar baya, kai da shi da 'yarsa. Tunku zai fito ya tsaya jikin akurki, kaza kuma tana daga damansa da kamar taƙi guda, ta baza fukafukai ta rufe 'ya'yanta. Tsoho zai ɗaga bindiga a natse, sai ka ga bakinta ya wuce tunku ya tsaya cak a kan kazar.

Matarka za ta ce, "Baba, ai kazata ka nufa!"

Zai yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Hagu take ci. Tun ba a haife ki ba, in ina son abu, na damansa nake saitawa."

Yanzu kana da ɗan lokaci kafin ya ja kunama. In ka yi magana, ka tona cewa ka taɓa notin da aka hana ka. In ka yi shiru, wataƙila hannun tsufa ya yi rawa. Ka dogara da tsufa.

Hannunsa ba zai yi rawa ba. Gashin kaza zai tashi sama, tunku ya ɗaga kai ya dube ku, ya ɗauki tsako ɗaya ya tafi ba gaggawa. Tsoho zai shinshina bakin bindiga, ya dubi baƙin man da ya ɓata masa hannun riga, sannan ya juyo gare ka a hankali ya ce, "Injiniya." Matarka za ta wuce ta tsuguna ta tattara marayun tsakin a zaninta.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin ƙarfi da saiti, kuma ka gani da idonka an cika. Ba ruwansa da kaza, ko gilashin hoto, ko haƙarƙarinka, ko abincin da za a riƙa dire maka ba magana. Ba ya zuwa biko, ba ya raka kowa ban haƙuri gidan surukai. In kuma kana neman wanda zai riƙa ɗumama tsakin nan har su yi gashi, an riga an ba ka kwali da fitila.