Sikelin Masu Yasar Tafki

A wani daji da ruwansa ba ya kaiwa bazara, akwai tafki ɗaya tak, shi ma laka ta cinye rabinsa. Kowace shekara kafin damina dabbobi sukan yi gayyar yashe shi, kowace shekara kuma da rigima ake tashi. Al'adarsu ita ce wanda ya fi aiki shi ke fara sha idan ruwa ya ja baya, ga shi babu dabbar da ta taɓa yarda wata ta fi ta shan wahala.

Da majalisar dabbobi ta gaji, sai ta yi abin da majalisu ke yi in sun gaji: ta kafa kwamiti. Aka ba Gwaggon Biri shugabanci. Kwana bakwai suna ganawa, ran na takwas suka fito da gungumen kirya, suka gicciya shi a kan dutse.

"Jama'a," in ji Gwaggon Biri, "daga yau gardama ta ƙare. Wannan sikeli ne. Dabba ta hau wannan gefe, mu jera duwatsu a wancan. Za a auna kowa yau, a sake aunawa bayan kwana arba'in. Kowa ya san wahala ke ramar da jiki. Saboda haka wanda ya fi raguwa shi ya fi aiki, shi zai fara sha. Jiki magayi!"

Aka yi ta tafi, har da waɗanda ba su ji abin da ya faɗa ba.

Cikin masu tafin akwai Jakanya. Bara ita ce ta ƙarshe a layi, ta sha laka har ta kwanta ciwon ciki, don haka ta ƙudura bana ba za a maimaita ba. Tun sanyin safiya take jidar laka zuwa gaɓa, ba ta tsayawa sai rana ta faɗi. Ƙafafunta suka yi kauri, ƙirjinta ya buɗe, ga ci kamar gara. Shi kuwa Gadu, a kwana na uku ƙaya ta soke shi a ƙafa, ya kwanta a gindin tsamiya. Ƙafa ta warke a mako guda, kwanciyar ce dai ta ƙi warkewa.

Ranar awo Gadu ya ragu da dutse uku. Jakanya ta ƙaru da biyu.

"Ranka ya daɗe, a sake dubawa," in ji Jakanya. "Kowa a nan ya gan ni. Ga bayana duk ya saɓule. Rabin tulin lakar can ni na kai shi!"

"Baiwar Allah, ido yakan yi son kai," in ji Gwaggon Biri. "Gungume kuwa ba shi da ɗan'uwa."

Sai Ungulu ta sauko daga reshe. Ba a gayyatarta taro, amma ba ta taɓa fashi ba.

"Shugaba, a gafarce ni. Ku kuna auna jiki daga waje, ni sana'ata ta sa na san shi daga ciki. Abin da ke ƙarƙashin fata ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsoka, akwai kitse, kuma tsoka ta fi nauyi in girmansu ɗaya. Aiki ke gina tsoka, ita kuma tana riƙe ruwa da guzurin ƙarfi a cikinta. Ranar da dabba ta bar aiki, ruwan nan ke fara tafiya, sannan tsokar ta bi shi a hankali. Yunwa ma takan ragu, don wanda bai motsa ba cikinsa ba ya kiransa da ƙarfi. Gadu ya yi sauƙi, gaskiya ne, amma ku taɓa cinyarsa ku ji. Abin da ya zubar shi ne abin da yake haƙa da shi. Wata ramar ta aiki ce, wata ta zama ce, wata ma ta ciwo ce, gungumenku kuwa ba zai bambance muku su ba."

Wasu har sun fara satar kallon cinyar Gadu. Nan Dila, sakataren kwamiti, ya yi gyaran murya.

"Mun ji bayanin Inna Ungulu, Allah ya ƙara sani. Sai dai in tuna wa majalisa cewa Ungulu ba ta jewar banza. Wa ke cin riba in mun yi ƙiba? Ku tambayi kanku!"

Shi ke nan, magana ta mutu. Aka rataya wa Gadu furen yabo, aka kori Jakanya daga gayya don kada ta ɓata tarbiyyar masu ƙwazo. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta wuce busasshen rafi ita kaɗai, ta kama tonon yashi da kofato, rabi don neman ruwa, rabi don haushi.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Washegari gindin tsamiya ya cika maƙil. Amma kada ka ɗauka hutawa ake yi, hankalin kowa a tashe yake. Ɓauna kan hau sikeli da safe, ta koma da azahar, ta sake komawa da la'asar. Zomo ba ya hawa sai ya tofar da yawu. Bushiya ta nemi izinin cire ƙayoyinta, aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Kowa na leƙen haƙarƙarin maƙwabcinsa yana jin kishi. Tafki kuwa yana nan yadda Jakanya ta bar shi.

Damina ta zo, ta wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kafin tsakiyar rani tafki ya zama fili. Sai labari ya iso cewa ramin Jakanya ya kai ga ruwa. Dajin gaba ɗaya ya ɗunguma can, ana tafe ana tangaɗi.

"Ruwan daji na jama'a ne," in ji Gwaggon Biri, "kuma doka doka ce. A kawo sikeli."

Ɓauna da Gadu suka kama gungumen, ko gezau bai yi ba. Dole aka roƙi Jakanya. Ta je ta jawo shi, don har ranta tana zaton wannan karon zai faɗi gaskiya. Ta hau, ya nuna ta fi kowa ƙaruwa. Aka kai ta ƙarshen layi a bakin ramin da ta tona. Da layi ya zo kanta, laka ta tarar.

A awon ƙarshen shekara kwamiti ya bayyana cewa ba a taɓa samun ƙwazo irin na bana ba, domin kusan kowa ya ragu, wasu ma ba su sami halartar awon ba. Ungulu ce kaɗai ta ƙara dutse huɗu, aka sa sunanta cikin malalata.