Ranar da Mma ta shiga mitin ɗinmu

Ko da tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da Alhamis ɗin da na gane cewa toshe kunnena bai toshe na mutane ba.

Shekara biyu na yi a gida ba aiki bayan na gama makaranta, kafin wani kamfani a Accra ya ɗauke ni aikin amsa kiran kwastomomi daga nan Tamale. Wata ɗaya na gwaji suka ba ni, da sharaɗi guda: in samu wuri shiru da hedifon mai kyau, wato abin sawa a kunne mai makirufo. Shugabar sashenmu, Madam Akosua, ta tambaye ni ko ina da wuri shiru. Na ce mata ai ofis gare ni guda. (Ofis ɗin nan ɗakin da Mma, mahaifiyata, take ajiye man kaɗen da take sayarwa ne, a tsakiyar gidan haya a Moshi Zongo. Gidan da ake daka tun safe, awaki na kuka, yalo-yalo, wato keken haya mai ƙafa uku, na wucewa ta bayan taga.)

Na hau yalo-yalo zuwa shagon Fuseini a Kanvili, wani mai sayar da kayan waya da muka yi makarantar allo tare. Ya ɗauko wani ɗan siririn hedifon mai igiya, kunne ɗaya, makirufonsa kamar tsinken tsire. Ya ce wannan ne na aikina, domin makirufon muryata kaɗai yake ɗauka, yana zubar da hayaniyar gefe. Na kalle shi na kalli abin, na ji raini. Ni da zan yi magana da mutanen Accra, in fito kamar mai kiran fasinja a tasha? Idona ya riga ya faɗa kan wani ƙato baƙi mai sheƙi, ba igiya, kunnuwansa tubarkalla. Na saka, na danna maɓalli, sai kasuwa ta ɗauke ɗif. Ina ganin bakin Fuseini yana motsi, hannunsa yana nuna makirufon, amma ban ji ko harafi ba. Wallahi daɗi ya kama ni, nan take na saye shi. Daga baya Fuseini ya rantse mini cewa a daidai lokacin ne yake gargaɗina.

Da na dawo gida na tara jama'a na yi musu bayani irin na masana. Na ce wa Mma idan abin nan yana kaina, ko ganga ta buga a ɗakin babu mai ji, daga ni har mutanen Accra. Ta ce Allah mai iko. Kuma da yake ɗakin ne kaɗai mai fanka mai ƙarfi, sai ta mayar da shi wurin hirarta. Tana shimfiɗa tabarma a ƙasa bayan kujerata inda kyamara ba ta kaiwa, tana cura man kaɗe. Ni ma ban hana ba, tunda ba na jin ta.

Sau biyu ko uku abokan aikina suka ce kamar akwai hayaniya a wajena. Na ce musu netwok ne, su duba nasu. Har na ba wani shawarar ya sayi irin nawa.

Ranar ƙarshe ta gwaji aka kira mitin na bidiyo, mu takwas, kowa zai faɗi abin da ya koya, sannan Madam ta faɗi waɗanda za a riƙe. Na ari kot ɗin yayana na ɗora a kan gajeren wando, na sa hoton kantar littattafai ya rufe bayana a bidiyon. Ina cikin shiri Hajiya Sanatu, ƙawar Mma daga Gbalahi, ta zo ziyara. Na ga sun shigo sun zauna a tabarma, na ɗaga musu hannu, na ci gaba da harkata.

Da aka zo kaina na fara zuba Turanci. Ina magana ina ganin fuskoki suna canzawa. Wata ta rufe baki da hannu, wani ya kashe kyamararsa, kafaɗun wani suna rawa. Na ɗauka iya maganata ce ta burge su, sai na ƙara murya, har da ɗaga yatsa. Madam Akosua kuwa ta tallafe haɓa tana kallona ba ta ko ƙiftawa. Da na gama, ta gyara zama, ta buɗe baki da Hausa tsantsa irin ta zangon Kumasi:

"Sannu da ƙoƙari. Ka gaishe mini da Mma, ka ce mata Zabuwa tana gaisuwa."

Zabuwa sunan da na laƙaba wa Madam ne a gida, saboda idan ta fara faɗa ba ta tsayawa shan iska. Ban taɓa faɗar sa a gaban kowa ba sai Mma. Ashe kuma a zango, unguwar Hausawa, aka yi renon matar, duk watan nan tana jin Hausa ban sani ba.

Na zare hedifon a hankali. Duniya ta dawo mini gaba ɗaya, da daka, da awaki, da muryar Mma tana cewa, "Ai kot ɗin ma na yayansa ne, leƙa ƙasa ki ga wandon."

Daga baya wata abokiyar aiki ta lissafa mini abin da ya wuce ni. Mma ta gaya wa Hajiya cewa ofis ɗin ɗakin manta ne, cewa na gaya wa 'yan mata a unguwa ni manaja ne, da kuma batun Zabuwa dalla-dalla har da kwaikwayon murya. Masu jin Hausa a cikinmu uku ne, kuma suna fassara wa sauran a rubuce.

Na so ƙasa ta tsage. Na ga aikin ya tafi, na ga wata shekara biyun a gida. Na fara ba da haƙuri, sai Madam ta ce in ba Mma hedifon. Na ɗora mata a kan ɗankwali, hannuwanta duk mai. Suka shiga gaisuwa irin ta gida, yaya yara, yaya gajiya, yaya Accra, mutum bakwai suna jira. Abin da Mma take faɗa kaɗai nake ji: "Ki yi haƙuri da shi, 'yata. Bakinsa ne kawai, amma yaron kirki ne. Tun da kika ba shi aikin nan yake cin tuwo ya ƙoshi." Sai kuma ta ƙyalƙyale da dariya, har Hajiya ta taya ta ba tare da ta san abin da aka ce ba.

Da hedifon ya dawo kaina yana ƙanshin man kaɗe, Madam ta ce za ta riƙe ni, domin kwastomomi suna yabon haƙurina, amma kafin Litinin in canza wannan ƙaton abin. Ta ƙara da cewa idan na sake cewa netwok ne, Zabuwa za ta yi kuka. Farin ciki da kunya suka haɗu mini, na rasa wanda zan fara ji.

Washegari na koma wajen Fuseini. Ya miƙo mini ɗan siririn nan, ya sa na kira wayarsa daga bakin titi don ya ji abin da makirufon ke ɗauka. Shi nake sawa har yau, kunne ɗaya a buɗe saboda Mma. Madam kuwa duk ƙarshen wata sai ta aiko a kai mata man kaɗe, kuma ta wajen Mma take fara jin labarina.

Abin da na koya shi ne, idan mai kaya yana yi maka bayani, ka cire abin daga kunnenka tukuna.