Rufus da Dutsen Cikin Laftof

"Ni hannuna ya fi sikeli," in ji Rufus, sakataren ƙungiyar manoman citta. "Shekara ashirin ina ɗaga buhu. Ko tsakuwa ɗaya aka cusa, sai na ji."

Kai dai ka san irinsu, baki ya yi gaba, aiki yana baya yana ɗingishi. Kujerarsa fa rawa take, don sau biyu yana ɓatar da takardar sunayen manoma, har mambobi sun fara cewa a ba Bridget, wata malamar firamare mai littafi da biro. Sai gogan naka ya rantse ran taron da za a yi a garin Godogodo zai zo da sunan kowa a cikin laftof marar nauyi, irin ta manyan ma'aikata.

Ya faɗa shagon Arzika a kasuwar Kafanchan, yana ɗaga kwamfutoci yana jijjiga su a kunne. Ya kifa wata, ya zaro wani dogon baƙin abu daga gindinta, ya auna a tafin hannu.

"Na kama ka! Wannan ne dutsen da kuke cusa wa buhu!"

"Oga, batir ne. In babu shi..."

"Ni za ka koya wa wayo? Kunna mu gani."

Arzika ya jona ta da wutar shago, ta kama tas.

"To, ka gani? Riƙe dutsenka."

Arzika ya riƙe, har da godiya. Rufus ya biya, ya tafi da laftof ɗinsa.

Kwana uku Rufus, Sarkin Awo, yana gida yana buga sunaye da yatsa ɗaya. Ran taro ya shigo da laftof a hammata kamar littafin waƙoƙi. Ana gama addu'ar buɗewa ya miƙe, ya gyara murya, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya hura mata iska, ya jona a bango. Ashe ranar babu wuta a garin.

Mama Joanna, shugabar ƙungiya, ta ce, "Sakatare, ko ita ma tana azumi ne?"

Rufus ya fice a guje. Can ƙarshen gari ya lallashi wani mai aski ya ara masa janareto, ya ɗauko a ka, fetur na ɗiga a kwat ɗinsa, harshe a waje. Aka tayar, sunaye suka fito. Ya ɗaga hanci ya karanta guda uku, sai ga mai askin ya shigo ya kashe kayansa, wai mutane sun cika masa benci.

Bridget ta buɗe littafinta ta karanta sunaye ɗari da goma, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Aka ɗaga hannu aka ba ta kujera. Abin ya yi wa Rufus zafi ƙwarai, ya zauna yana kallon takalminsa.

Mama Joanna ta dafa kafaɗarsa. "Haba ɗana, ba za mu bar ka haka babu ofis ba. Mai aski yana jira. Duƙa a aza maka janaretonsa."