Rasuwar Maraƙi, Babur ɗin Malamin Dabbobi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da gwiwar dama mai cike da ruwa, ni Muhammadu Lawan, malamin dabbobi mai ritaya, mazaunin Yindiski a nan Potiskum, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dillalan Kasuwar Shanu, da duk wanda ya taɓa toshe hanci a bayanmu a kan titi, rasuwar abokin tafiyata, jan babur ɗina da aka fi sani da Maraƙi. Rai ya yi halinsa ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, a ƙofar gidana, a gaban maƙwabta. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗoriya a duniya.

Na san akwai masu cewa sun ji muryarsa da kunnensu bayan wannan lokaci, garau, lafiyarsa ƙalau. Ban ƙaryata su ba. Amma ni ne mai shi, ni na san abin da ya mutu, kuma zan yi bayani.

An haifi marigayin a ƙasar Japan. Ya iso hannuna da ledarsa ina sabon ɗauka a aikin dabbobi, na raɗa masa Maraƙi saboda ja ne, ga zillo, ga son gudu ba dalili. Ya girma, ya tsufa, fentinsa ya koɗe, sunan bai canza ba. Ba abin mamaki ba ne, ni ma har gobe akwai tsofaffin Fulani a wajen Ngalda masu ce min yaron allura.

Shaidar da zan yi masa ta gaskiya ce. Mai haƙuri ne, mai ƙaramin ciki, ba ya cin fetur sai abin da ya zama dole. Ya ɗauki kular allurar riga-kafi zuwa Mamudo da Danchuwa da rugagen da ko suna ba su da shi, cikin yashi da taɓo, bai taɓa tambayar ina za mu ba. Ya ɗauki akuya mai naƙuda. Ya ɗauki matata Hadizatu ita ma tana naƙuda, ko da yake ta hana ni faɗar waɗannan biyun a jere, Allah ya ba ta haƙuri. Bai taɓa kayar da ni ba sai in ni na nema. Muryarsa a wancan zamani, dum-dum-dum-dum, tun daga bakin kasuwa ake sanin ni ne tafe, har shanu su ɗaga kai.

A shekarun da aka hana hawa babur a jihar nan saboda tashin hankali, marigayin ya shiga zaure ya zauna kamar mai takaba. Abokan aikina duk suka sayar da nasu, ni na ƙi. Duk Juma'a sai in yaye masa bargo, in goge shi, in hau in riƙe kai ina kallon bango, babban mutum da furfurata. Hadizatu ta mayar da shi wurin shanya, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa, bai ce uffan ba.

Da aka ɗage dokar muka fito tare, ashe dukkanmu mun tsufa a ɗaka. A nan ne 'yata Ummukulthum, ma'aikaciyar jinya, ta tara min taro a tsakar gidana. Ta kawo zancen gwiwata, ta kawo zancen idona, ta kawo zancen tireloli a hanyar Kano, ta ce lokaci ya yi da zan ajiye babur in riƙa shiga Keke Napep kamar sauran dattawa. Ni da na ratsa daji da dabbobi, a cusa ni tsakanin buhun albasa da mai goyo! Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce, a gaban uwarta da mijinta Yunus: "Ranar da na kasa tayar da shi da ƙafata, ku karɓi makulli, ba zan ce komai ba."

Ta ce ta yarda, ta kuma ce kowa ya shaida.

Na yi wannan cika baki ne don na san Maraƙi. A tsufansa ya yi laushi. In na taka kik sai ya sauka sumul, kamar na taka katifa, ya yi tari kuf, kuf, sannan ya kama. Ko da ciwon gwiwa ina iyawa. Ni a ganina biyayya ce da sanin darajar manya. Ashe ciwo ne.

Jinyar ta fara da hayaƙi. Da safe in ya tashi sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe layinmu, masu koko su rufe robobinsu. Ya koma shan baƙin mai fiye da fetur. Fulogi kullum baƙi, jiƙe sharkaf. A kansa kuma wata ƙara ta fito, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana tauna tsakuwa. Na kai shi wurin likitansa, Adamu bakanike, wanda ya gaji jinyarsa daga mahaifinsa. Adamu ya kwance kan injin, ya kama bawul ya girgiza min shi in gani, yana rawa kamar haƙorin tsohuwar saniya. Ya ce kowane bawul yana da ɗan siririn bututu da yake hawa da sauka a ciki, gidansa ke nan, to gidan ne ya cinye ya yi faɗi. Ta nan baƙin mai ke zurara cikin wuta ya zama hayaƙi. Bawul ɗin kuma ba ya zama daidai ya toshe, iska na sulalewa, shi ya sa injin ba ƙarfi.

Don kada in ci haƙƙin Adamu, ya ba ni zaɓi. Ya ce in na ga dama a lallaɓa, a riƙa ƙara mai ana wanke fulogi, zai kai ni kasuwa ya dawo da ni har iyakar abin da Allah ya nufa. Da na ji. Amma a makon da ya faɗi haka ne na shiga Kasuwar Shanu, wani dillali ya miƙe ya ce jama'a a ba da hanya, ga mai feshin sauro ya iso. Aka yi ta dariya har da masu ɗaure shanu. Na koma gareji a fusace na ce wa Adamu a yi aiki gaba ɗaya, ina so ya dawo yadda yake ranar da na cire masa leda.

Haka aka naɗe kan Maraƙi a tsohon zanen Hadizatu, aka saka a buhu, aka ba direba ya kai Kano wurin masu injin gyaran ƙarfe. Gangar jikin ta zauna a gareji ba kai, na riƙa zuwa dubiya da goro. A can aka fitar da tsofaffin gidajen bawul, aka dasa sababbi na tagulla, aka gyara mazaunin bawul, aka kuma shafe fuskar kan don zafin shekaru ya ɗan karkatar da ita. Da ya dawo Adamu ya zauna da sababbin bawul yana murza su a mazauninsu da ɗan sanda tsakanin tafukansa, sai ka ce mai burga miya. Ya zuba kananzir ya gwada, ko ɗigo bai wuce ba. Na tsaya a kansa ina gyaɗa kai, ina jin daɗi, ban san ramina ake haƙawa da izinina ba.

Ranar Talata da yamma aka sallame shi. Adamu ne ya tayar da shi ya miƙo min, ni kuwa ban lura da hakan ba. Na hau. Jama'a, ba hayaƙi, ba tari, na murɗa kaɗan ya zabura har hulata ta nemi tashi. Na wuce wata tirela a kan hanya, Allah ya yafe min, har da ɗaga wa direban hannu.

Laraba ranar kasuwa. Na sa farar babbar riga, na fito da shi ƙofar gida, na ɗan yi jinkiri da gangan don maƙwabta su taru. Suka taru. Ummukulthum da Yunus ma sun biyo gaishe mu. Na hau, na yi bisimilla, na taka kik.

Ko gezau. Sai ka ce dutse na taka.

Na gyara riga na sake takawa, ya sauka rabi ya tsaya. Na ce wa jama'a sabon aiki ne, haka yake yi. Na miƙe tsaye a kansa da duk nauyina, na tattara abin da ya rage min na ƙarfi na danna. Marigayin ya yi wata ƙara, fat, ya mayar min da kik ɗin da ƙarfin da na biya aka sa masa. Gwiwata ta amsa, hulata ta faɗa kwata, ni kuma na tsinci kaina zaune a ƙasa, babbar riga ta rufe min fuska.

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Hadizatu ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, shigo ka sha kununka, ya huce."

Yunus, yaron kirki, don ya rufa min asiri ya ce wataƙila mai ne ya yi yawa, bari ya duba. Ya taka sau ɗaya, da silifas. Dum-dum-dum-dum. Muryar nan ta shekarar da na saye shi, wadda na yi kewarta, ta cika layinmu, kuma ba ƙafata ce ta fito da ita ba. A daidai wannan lokaci ne Maraƙina ya cika. Wanda ke tsaye yana ruri a ƙofar gidana wani saurayi ne da ban isa in riƙe ba.

Ban ba da makulli a take ba, kada a yi min shaidar da ban kai ba. Washegari na ɗaure gwiwa, na shiga Keke Napep, aka kuwa haɗa ni da buhun albasa, na tafi wurin Adamu a ɓoye. Na roƙe shi ya mayar wa Maraƙi da ciwonsa. Ya ce tsofaffin gidajen bawul sun tafi wurin 'yan gwangwan, amma akwai dabara, zai iya ninka gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kai da gangar injin, ya sassauta wasu wurare, kik ya yi laushi, ba wanda zai sani. Sannan ya ce, "Baba, in ka ce in yi, zan yi. Amma lafiyayye ne fa."

Na zauna a kan bencinsa. Ina son hawan nan, Allah ya sani, ina son sa fiye da yadda ya kamata dattijo ya so ƙarfe. Amma na ƙare rayuwata ina tayar da dabbar da ta kwanta, ban taɓa gurgunta mai lafiya don ta yi tafiya daidai da ni ba. Na ce ya bari. Da na dawo na aika aka kira Ummukulthum, na miƙa mata makulli. Ita da ta ci nasara sai ga ta tana hawaye, tana cewa ba sai yau ba. Na ce karɓi, kafin in sake shawara.

Marigayin ya rasu ya bar ni, da gwiwa ɗaya da rabi. Ya bar tsofaffin bawul biyu a gwangwanin madara, da rabin galan na baƙin mai wanda yanzu ba mai sha, da hular kwano sabuwa fil da ban taɓa sawa ba, da baƙin tabo a simintin zaure wanda Hadizatu ta rantse za ta kankare, na ce sai bayan raina. Ya bar sauron Yindiski cikin farin ciki.

Ba za a yi masa salla ba, liman ya riga ya ja min kunne. Ana zaman makoki a gindin dogon yaron ƙofar gida, bayan la'asar. Mai zuwa ya zo da goronsa, ya bar shawararsa a gida, musamman masu cewa ai akwai sababbi masu tashi da maɓalli. Wanda ya zo a kan babur ya ajiye shi nesa.

Za a fitar da gawa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Magaji shi ne Yunus, zai tafi da shi Mamudo inda yake koyarwa. Ya riƙa barin sa ya ɗumama kafin ya hau, kada ya ɗora masa buhu fiye da ɗaya, kada kuma ya sake masa fenti ko suna.

Roƙo na ƙarshe daga iyalan mamaci. Yunus ya tura shi da hannu ya fita daga layinmu, ya wuce masallaci, ya kai wurin mai injin niƙa, ya jira sai an kunna injin sannan ya taka. Kada ya tayar da shi a ƙofar gida. Zan kasance a zaure, kuma kunnena, shi kam, lafiyarsa ƙalau.