Koke Kan Fasinjoji Biyu Da Suka Shigo Motata Ba Izini

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tare Motoci,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, ka yafe karkacewar rubutuna, murna ce ta yi mini yawa. Ni direban tasi ne, shekara goma sha ɗaya ban taɓa take ko kaza ba. Ranar Talata da hantsi naƙuda ta kama matata, na kwaso ta da mahaifiyarta da yayarta da ungozomar layinmu, muka nufi asibiti. A shataletale jami'inka ya ɗaga hannu. Ga kokena:

1. Na ce masa haihuwa ce, ya ce shi ma aiki yake. Ya duba lasisina gaba da baya, ya ɗaga shi a rana, ya sake dubawa. Madalla da wannan natsuwa! A ina kuke koyar da ita?

2. Matata tana murƙususu, tana kirana da sunayen da ban san ina da su ba, shi kuwa yana bayan mota, ya buɗe but yana karanta wa'adin tukunyar kashe gobara. Ya sa na kunna sigina hagu da dama, na danna hon sau uku. Danjar da ke bisa kansa wata bakwai ba ta kawo wuta ba. Ita wa ke duba takardunta?

3. Surukata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta fito ta rufe tagogi da zannuwa, ta ƙwace usur ɗinsa, ta shiga ba motoci hannu. Minti ashirin ba wanda ya gogi wani. Ina roƙon a ɗauke ta aiki.

4. Ni dai tsoro ya gama da ni, na durƙusa jikin taya ina kuka. Sai ga kukan jariri. Kafin in miƙe, ga na biyu! Mace da namiji, ranka ya daɗe, uwar lafiya lau! Na rungume jami'inka har hularsa ta faɗi. Ya share hawaye, ya leƙa ciki, ya ƙirga kawuna, ya rubuta mini takarda: fasinja shida a motar mutum huɗu.

Ban musa ba. Sai dai an ce masu laifi su bayyana a ofis ranar Litinin da katin shaida, su kuwa biyun da suka jawo abin sun ƙi ba da haɗin kai, barci kawai suke. In kana son yi musu tambayoyi, ƙofata a buɗe take, amma ka wanke hannu tukuna.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Direban Tasi, Baban 'Yan Biyu