Ranar Da Na Kafa Shaida Da Kawu Illa A Rediyo

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba na jin zan manta da wata ranar kasuwar Tanut da na tona wa kaina asiri a kunnen duk mai rediyo a Damargu.

A lokacin ina karatu a jami'a a Damagaram, kuma ni ne sakataren yaɗa labarai na wata ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan Tanut da Belbeji, mai suna Muryar Ɗalibin Damargu. Aikinmu kai kuka ne. In aka bar wata makaranta a Tarka ko Tenhya babu malamin lissafi, mu je mu dami hukuma. In sabon ɗalibi ya sauka birni ba shi da wurin kwana, mu nema masa tabarma da kusurwar ɗaki. Aiki ne na kirki, har gobe ban raina shi ba. Matsalar daga wajena take: a raina na ɗauka duk duniya ta san da zamanmu.

Wannan tunanin ne ya kai ni ga buɗe mana shafi a babban kundin sanin nan na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Na zauna na zuba Hausa iya Hausa. Na kira mu "shahararriyar ƙungiya". Na ce mun "girgiza yankin Damargu" (abin da muka taɓa girgizawa shi ne ƙofar ofishin wani mufatishi mai duba makarantu, shi ma ashe ya tafi masallaci). Da na gama sai na kai wa taronmu, na ɗaga waya sama kamar na ciyo kofi. Aka yi tafi, kaina ya kumbura, bakina ya riga hankalina.

Na ce, "In shafin nan ya ɓace daga intanet, ni ma in sauka daga muƙamina!"

Lawali, shugabanmu, mutum ne da ba ya mantuwa. Ya dube ni ya ce, "To, kamarad, kowa ya ji."

Ba a jima ba, wata safiya na buɗe shafin don in ƙara kallonsa (kullum sai na kalle shi kafin in wanke fuska), sai na ga wani jan akwati a samansa. An rubuta cewa ana shawarar goge shafin, domin babu alamar ƙungiyar ta yi sunan da za a sa ta a kundi. An ba da mako guda a tattauna. Wanda ya kawo shawarar wani edita ne da ke kiran kansa Tsintsiya. Sunan kaɗai ya sa gumi ya keto mini.

Na yi abin da kowane ɗan gidan mutunci zai yi: na ba da haƙuri. Na rubuta masa gaisuwa mai tsawo, na tambayi iyali, na ce a dubi girman Allah, mu marayu ne a wannan fage. Ya amsa cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Babu wanda ya ce ƙungiyarku ba ta da amfani. Tambayar ita ce, akwai wani wanda ba ɗan cikinta ba da ya taɓa magana a kanta? Jarida, ko rediyo, ko littafi?"

Na bincika sama da ƙasa. Duk inda sunanmu ya fito, ni na rubuta shi. Abinci ya daina shiga. A aji malami na bayani, ni ina leƙen waya a ƙarƙashin tebur ko an goge. Lawali kuwa duk inda muka haɗu sai ya ce, "Sakatare, ya jikin shafi?" kamar mai duba marar lafiya.

Ana nan sai dabara ta faɗo mini, kuma da ma ba ta faɗo ba. A garinmu in rikicin iyakar gona ya tashi, ba a dogon surutu, shaidu ake kirawo su tsaya a gaban jama'a su faɗi abin da suka sani. To, tunda Tsintsiya shaida yake so, kuma ya ambaci rediyo, me zai hana in tara masa kasuwa guda ta shaidu? Na hau mota na nufi Tanut. Akwai wata ma'aikaciyar gidan rediyon garinmu, Zuwaira, wadda muka yi lise, wato babbar sakandare, tare. Tana da shiri kowace ranar kasuwa, tana yawo da makirufo tana jin ra'ayin jama'a. Na roƙe ta wannan karon ta tambayi mutane abin da suka sani game da ƙungiyarmu.

Ta ce, "Ka san dai kai tsaye ne, ko? Abin da ya hita ya hita, ba a yankewa."

Na ce, "Haba Zuwaira, wa bai san mu ba a Tanut?"

Don in ƙara ɗaure kaina da kyau, na koma wajen tattaunawar na sanar da Tsintsiya ranar shirin, na ba shi hanyar da zai saurara ta intanet. Na kuma gaya wa Lawali ya tara 'yan ƙungiya su kasa kunne. Sai bayan na aika duka biyun ne wata tambaya ta zo mini: in aka tambaya aka rasa wanda ya sani fa?

Ana gobe kasuwa tsoro ya gama cin ƙarfina, sai na je wajen Kawu Illa, yayan mahaifiyata, wanda ke da rumfar gero a kasuwar. Dattijo ne da kowa ke girmamawa, in ya faɗi magana ba a neman ta biyu. Na durƙusa na gaishe shi bayan la'asar, na yi masa bayani. Abin da nake so ya faɗa bai fi numfashi biyu ba: ya san ƙungiyar, kuma tana taimakon ɗiyan talakawa.

Ya ce, "To, kana taimakon nasu?"

Na ce, "Muna yi, Kawu."

Ya ce, "In haka ne ba ƙarya ba ce duka. Sake hwaɗi in ji."

Na maimaita, ya maimaita. Na sake, ya sake. Na bar shi yana motsa baki kamar mai tilawa, na tafi gida da ɗan sauƙi a zuciya.

Gari ya waye, kasuwa ta cika. Zuwaira ta buɗe shiri, ina biye da ita cikin sabuwar shadda. Kusan kowace rumfa akwai rediyo a kunne, saboda haka duk abin da aka faɗa sai ya dawo mini ta ko'ina.

Ta fara da wani makiyayi daga wajen Tenhya da ya kawo awaki. Ya saurari sunan ƙungiyar da kyau, ya gyara rawani, ya tambaya ko su ne masu rabon dusar dabbobi. Ta matsa wajen wata mai sayar da cuku. Matar ta ce ba ta san su ba, amma in suna ɗaukar suna a sa nata da na ƙanwarta. Wani tela ya ce ya san wata ƙungiyar ƙwallo mai kama da haka. Abin da ya fi kashe ni shi ne wani ɗalibin lise da littafi a hannu, irin wanda dominsa muke wahala. Ya ce, "Wallahi yau na hwara ji."

Zuwaira ta dube ni ta gefen ido. Na yi mata nuni da haɓa zuwa layin masu hatsi, na yi gaba kamar ban san inda za ni ba.

Kawu Illa na zaune a kan buhu, ya sha babbar riga, ashe shi ma ya shirya. Zuwaira ta rusuna ta ce, "Baba, ina wuni? Muna kai tsaye a rediyo. Ko kun san Muryar Ɗalibin Damargu?"

A nan na gane na manta da abu guda. Mutumin garinmu in ya samu makirufo, ba ya amsa tambaya sai ya sauke nauyin zumunci. Kawu ya karɓe shi da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya shiga gaisuwa. Ya gaida ƙanensa a Belbeji, ya gaida surukansa a Tarka, ya yi wa wani aboki jajen raƙuminsa da ya ɓata, ya gaida limamin unguwa da masu awon hatsi layi-layi. Mutane suka fara taruwa. Ni kuwa ina tsaye ina jin kowace gaisuwa tana ture kalmomin da na zuba masa jiya, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya numfasa, Zuwaira ta ce, "Madalla, Baba. To, maganar ƙungiyar fa?"

Ya ce, "Ƙungiya, i. Na san ta sarai. Ita ce mai..." Sai ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi gero. Na shiga motsa masa leɓe daga bayan Zuwaira, ina zare ido. Ya ƙura mini ido yana ƙoƙarin karanta bakina, abin ya gagara. Sai kawai ya miƙo wuya, makirufo na manne da bakinsa, ya ce da ƙarfi:

"Kai, ɗan nan, mi ka ce in ce?"

Na ji muryar ta fito daga rediyon mai nama, ta fito daga na mai shayi, ta fito daga wata mota da ke lodi. Sai dariya ta ɓarke tun daga layin hatsi har kasuwar dabbobi. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Kawu kuwa ya ga kamar ya bar ni cikin ruwa, sai ya tashi gyara. Ya ce, "Ɗiyata, kada ki ga laihinsa. Ɗan ƙanwata ne, ga shi nan mai shadda. Jiya ya zaunar da ni ya koya mini, kuma Allah ya sani na riƙe har sallar asuba. Tsufa ne. Amma yaro ne na kirki. Mu dai karatu muka san an tura shi Damagaram, wannan ta ƙungiya jiya na ji ta."

Zuwaira ta yi ƙoƙarin rufe shirin, dariya ta hana ta. Wayata ta hau ruri a aljihu, na san Lawali ne, ban ɗauka ba. Na bi ta bayan rumfuna na sulale gida, na tarar da mahaifiyata zaune da rediyo a cinya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Da ka zo wajena, ai ni na hi shi riƙe magana."

Da mako ya cika aka goge shafin. Tsintsiya ya bar mini 'yar magana: ya saurari shirin har ƙarshe, ya gode, kuma wannan ita ce majiya ta farko mai zaman kanta da ta yi magana a kan ƙungiyar, sai dai abin da ta tabbatar ba shi nake nema ba. Ya ƙara da cewa a gaida Kawu.

Na koma Damagaram na tsaya gaban taro, kaina a ƙasa, na ce na zo cika alkawari, na sauka. Lawali ya bari sai da aka gama dariya, sannan ya ce ba a karɓa ba. Wai tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa samun sakataren da ya yaɗa sunanta kamar ni ba, domin yanzu daga Tanut har Belbeji babu wanda bai san "'yan mi-ka-ce-in-ce" ba. Hukuncina shi ne in ci gaba da riƙe muƙamin, kuma duk wanda ya tsokane mu a tasha ni zan amsa masa. Na fi son a ce an kore ni.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da fuskata. Kafin ka tambayi duniya ko ta san ka, fara tambayar 'yan gidanku, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. In kuma har sai ka koya wa shaidarka abin da zai faɗa, to ka riga ka san amsar, saura kawai ka zaɓi yawan mutanen da za su ji ta tare da kai. Ni na zaɓi Damargu gaba ɗaya.