Bargon da Na Rataya a Baranda

Jama'a, da gira ɗaya nake muku wannan rubutu. Ɗayar ta tafi wajen gashin kaza.

Ni dai laifin masu girma Iyayen Kare Mu Daga Gobara nake gani, Allah ya ƙara wa ofishinsu sanyi. Kwanakin baya suka diro gidan benen da muke haya, da jerin motoci da mai ɗaukar hoto, suka karanta mana doka: ba gashi a baranda, ba gawayi kusa da bango ko labule, mai son gasa nama ya sauka fili. Na ɗaga hannu cikin ladabi na ce, "Ranka ya daɗe, wane filin? Wanda kuka ba da izini aka yanka shaguna?" Shugabansu ya ce za a duba. Suka kafa mana tukunyar kashe wuta a ƙasan matakala cikin akwatin ƙarfe, suka danna mata kwaɗo saboda ɓarayi, suka tafi da makullin ofis.

Mai gidan hayar ya ɗora nasa: duk wanda aka ga hayaƙi a barandarsa, ya tattara komatsansa. Ni kuwa ina son gidan nan. Yara da ƙafa suke zuwa makaranta, famfon ma yakan tuna da mu jefi-jefi.

Sai ga surukina ya kawo mana ziyara, mutumin da na daɗe ina cika wa baki cewa a gashin kaza ba ni da na biyu. Matata ta ce, "Baban yara, a soya mana kawai." Na ce ta bar ni, ina da dabara. Na ɗauko bargonmu mai kauri na rataya a igiyar shanya, ya rufe barandar ruf, na hura gawayi a bayansa ina yaba wa kaina basira.

Kitse ya ɗiga, wuta ta yi tsalle, iska ta kaɗo bargon. Ina sunkuye ina fifita, ban ankara ba sai ƙaurin gashi na ji, kuma ba na kazar ba.

Na ruga ƙasa ba takalmi, na ci karo da kwaɗo. Maƙwabcina tela ya zo yana sakatarsa da almakashi yana cewa, "Malam, buga musu waya mana!" Na buga, aka ce motar tana layin mai, in yi haƙuri. Wadda ta cece mu ita ce mai wanki da ke samanmu. Ta juyo bahon ruwan sabulu gaba ɗaya a kan bargon, da kazar, da surukina da ya leƙo ganin abin da ake ciki.

Tsohon ya share kumfa daga gemunsa ya ce, "Ɗana, kullum haka kake gasa ta?"

Mai gidan bai ɗaga murya ba. Ya dubi baƙin bangon, ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Matata ta zauna tana ninke kayan makarantar yara, kuma wallahi ganin hakan ya fi ƙunar yi mini ciwo. A duk tarkacen da masu girma suka zo da shi, dokar nan ce kaɗai mai amfani, ita kuma na zaɓa na yi wa wayo.

Amma kada ku ce ba sa aiki. Washegari suka dawo da makulli da mai hoto. Aka buɗe akwatin ana tafi, aka matsa tukunyar, ko tari ba ta yi ba. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan. Ni aka tsayar gaban barandata aka ɗauka, aka buga, aka manna a unguwa-unguwa don wayar da kan jama'a.

Jiya na je neman sabon gida. Mai shi ya dubi girata, ya dubi takardar hotona da ke manne a ƙofarsa, ya sake dubana, ya ce ai yanzun nan wani ya riga ni.